Ta yaya kwamfuta ke bambance nakiyar masu haƙar ma'adinai da gwajin bom ɗin nukiliya?

Tambayar da aka turo ita ce: tunda na'urorin da aka girka domin kama gwajin makamin nukiliya suna jin duk wata fashewa da ta girgiza ƙasa, ta yaya kwamfuta ke gane cewa wannan nakiyar masu fasa dutse ce a mahaƙar ma'adinai, ba bom aka tayar ba? Kuma shin za a iya sakar mata aikin gaba ɗaya?

Malam, zan fara maka da wurin da ya fi ɗaure kai. Idan aka tara nakiya mai yawa a rami ɗaya a ƙarƙashin ƙasa, aka tayar da ita lokaci guda, girgizar da za ta fito ba ta da wata alama da za ta raba ta da ta ƙaramin bom ɗin nukiliya. An gwada wannan da gangan. Ranar 22 ga Satumba 1993, a filin gwajin makamai na Nevada, Amurka ta tayar da nakiyar sinadari ta fiye da kilogiram miliyan ɗaya a cikin dutsen Rainier Mesa, kusa da ramukan da aka taɓa gwada nukiliya a cikinsu. Da aka jera abin da na'urori suka ɗauka kusa da na gwaje-gwajen baya, sai aka ga kamarsu ɗaya. Ƙasa ba ta tambayar abin da ya ture ta, ƙarfin turin da saurinsa kawai take ji.

Saboda haka kwamfuta ba nukiliya take ganewa ba. Abin da take ganewa shi ne halin masu haƙa: yadda suke jera nakiyarsu, inda suke tayar da ita, lokacin da suka saba, da yadda aikinsu na yau ke kama da na jiya. Duk dabarun da zan kawo maka a kan wannan suka tsaya, ƙarfinsu da rauninsu duka daga nan suke.

Dalilin da ya sa abin ya zama matsala shi ne yawa. Yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya baki ɗaya, wadda aka buɗe don sa hannu a 1996, ta tanadi tashoshin sa ido 321 da ɗakunan bincike 16 a faɗin duniya. Daga ciki 170 na auna girgizar ƙasa ne, 50 manya masu aika bayanai ba dare ba rana, 120 na taimako da ake neman bayanansu idan buƙata ta taso. Akwai kuma 60 masu sauraren sautin da ya yi kaurin da kunnen mutum ba ya ji, 11 masu sauraren teku, 80 masu shaƙar iska don neman ɓurɓushin nukiliya. Duk bayanan suna sauka a cibiyar CTBTO, hukumar da ke kula da wannan tsarin sa ido, da ke Biyana, babban birnin Ostiriya, inda kwamfuta ke fitar da jerin farko cikin kimanin awa ɗaya, sannan ƙwararru su bi shi su gyara. Abin da suke tantancewa a shekara ya haura girgiza 30,000. Wannan ma manya ke nan, waɗanda aƙalla manyan tashoshi uku suka ji. Cibiyoyin ƙasashe da ke da nasu na'urorin kusa da mahaƙai suna ganin ƙanana ninkin-ba-ninkin haka, kuma a wasu yankunan, kamar arewacin Turai, yawancin abin da ake ji ba girgizar ƙasa ba ce ko kaɗan, aikin ɗan Adam ne. A ɗaya ɓangaren kuwa, gwajin nukiliya shida kacal aka tabbatar a wannan ƙarni, dukkansu na Koriya ta Arewa ne a Punggye-ri, daga 2006 zuwa 2017.

Mataki na farko shi ne raba fashewa da girgizar ƙasa ta asali, kuma wannan ya fi sauƙi. Girgizar ƙasa zamewar dutse ce a kan dutse, don haka tana fitar da igiyar S mai yawa, wato mai kaɗa ƙasa gefe da gefe. Fashewa kuwa turi ce ta kowace kusurwa, igiyar P, wato mai tura ƙasa gaba da baya, ta fi rinjaye a cikinta. Idan abin babba ne ana gwada ƙarfin igiyoyin da suka ratsa cikin ƙasa da na waɗanda suka bi ta samanta; idan ƙarami ne, a auna P da S a ɓangaren kaɗawa mai sauri. Zurfi ma hujja ne, don babu mai haƙa ramin kilomita 20 ya sa bom. To amma lura: wannan awon yakan jefa nakiyar mahaƙa a ɓangaren fashewa, ko ya bar ta tana reto a tsakiya. Ya raba mu da girgizar ƙasa, ya bar mu da ainihin tambayarka.

A nan ne sanin aikin fasa dutse ke da amfani, kuma ina ganin duk mai son rubuta manhajar wannan aiki ya kamata ya fara tsayawa ya kalli yadda ake shirya fashewa ɗaya. A babbar mahaƙa ta fili, ana huda ramuka jeri-jeri a kan dakalin dutse, wani lokaci gommai, wani lokaci ɗaruruwa. A cika su da ANFO, haɗin takin amoniyam naitiret da man dizal, ko danginsa, a toshe bakin kowane rami da tsakuwa. Ba a tayar da su tare. Ana sa jinkiri tsakanin rami da rami, milisakan 17, ko 25, ko 42 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), tsakanin jeri da jeri kuma ya fi haka tsawo. Ba don masu sa ido ake yin haka ba. Ramin farko ne ke buɗa wa na biyu wurin da dutsensa zai faɗa, dutse ya farfashe daidai yadda injin ɗiba ke so, gine-ginen da ke kusa kuma ba sa shan girgizar a dunƙule. Ga idon mai kallo fashewa ɗaya ce ta bi dakalin kamar an ja zare. Ga na'ura, fashewa ce ɗari a jere.

Wannan jerin yana barin tambari. Idan abu ɗaya ya maimaitu bayan kowane milisakan 25, igiyoyin suna ƙarfafa juna a kaɗawa 40 cikin sakan, da 80, da 120, su kashe juna a tsakani. Idan jinkirin milisakan 100 ne, ƙarfin zai taru a 10, 20, 30. Kwamfuta takan yanka girgizar gunduwa-gunduwa bisa lokaci, ta auna ƙarfin kowace kaɗawa a kowace gunduwa, ta zana. Zanen nakiyar mahaƙa yakan fito da ratsi-ratsi miƙaƙƙu, tun daga isowar P, su ratsa S, har wutsiyar girgizar, ba su gusa ba. Rashin gusawar nan ita ce hujja, domin tana nuna cewa daga tushe abin ya fito, ba hanya ce ta haifar da shi ba. Masu bincike Baumgardt da Ziegler sun nuna haka a 1988, Hedlin da abokan aikinsa kuma suka mayar da shi awon da kwamfuta ke yi da kanta jim kaɗan bayan haka. Har a cikin ƙarin bayanin yarjejeniyar an ambaci wannan ratsi a jerin alamomin da za a duba.

Sai dai a aikace ba ya fitowa tsaf kamar a takarda. Kaɗawa mai sauri ita ce ke fara mutuwa a hanya, bayan kilomita ɗari biyu ko uku sau da yawa ba a samun komai a kaɗawa 40 cikin sakan. Tashoshi da dama kuma awo 40 suke ɗauka a sakan, wanda ke nufin ba sa ganin abin da ya wuce kaɗawa 20. Ke nan gajeren jinkirin da ke tsakanin ramuka ya ɓace musu, sai dogon da ke tsakanin jeri, da tsawon fashewar gaba ɗaya. Shimfiɗun ƙasa da ke ƙarƙashin tashar ma suna iya haifar da nasu ratsin, shi ya sa dole a duba ko girgizar ƙasa ta asali da tashar ta ɗauka tana nuna irinsa. Ga kuma fiyus na lantarki da ya yaɗu yanzu, wanda injiniya ke iya ba kowane rami jinkirin da ya ga dama, sai tsarin ya daina zama mai maimaituwa daidai wa daida. Ganin ratsi shaida ce mai kyau. Rashin ganinsa ba ya nuna komai.

Akwai wasu alamomin da ake haɗawa. Abin da ya fashe kusa da doron ƙasa yana fitar da wata gajeriyar igiya mai bin sama, ana ce mata Rg, wadda ba a samunta idan tushen ya wuce zurfin kilomita kaɗan, amma ita ma ba ta nisa. Fashewar fili tana tura iska, sautin ya yi tafiya da gudun kimanin mita 300 a sakan. Tasha mai nisan kilomita 300 za ta ji girgizar ƙasar cikin ƙasa da minti ɗaya, sautin iskar ya iso bayan kusan minti 17. Idan kwamfuta ta ga biyun sun zo daga kusurwa ɗaya da wannan tazara, ta samu ƙarin hujja cewa a fili aka yi abin. Matsalar ita ce iskar sama ke ɗauke da sautin, kuma tana juyawa da yanayin shekara, mahaƙar da ake ji da rani sai a daina jinta da hunturu. Lokaci kuma alama ce mai arha da kowa ke amfani da ita: mahaƙan fili da rana suke tayar da nakiya, a ranakun aiki, sau da yawa wajen canjin ma'aikata. Ni dai ba na ba wannan alama nauyi sosai. Mahaƙar ƙarfe ta Kiruna a Suwidin, wadda ke ƙarƙashin ƙasa, cikin dare take tayar da tata, bayan ƙarfe ɗaya, lokacin da aka janye mutane daga ramuka. Kuma duk mai son ɓoye gwaji, agogo ne abu na farko da zai daidaita.

Dabarar da ta fi kowacce rage wa ƙwararru wahala ita ce gwada sabuwar girgiza da tsofaffi. Kamar yadda kake gane takun mutumin gidanku tun bai yi sallama ba, haka tasha ke gane mahaƙa. Igiyar da ta taso daga rami ɗaya zuwa tasha ɗaya duwatsu iri ɗaya take ratsawa kullum, ta karkace a wuri ɗaya, ta dawo daga shimfiɗa ɗaya, don haka zanenta yakan maimaitu. Sai a ɗauki fashewar da aka tabbatar da ita a yi samfuri, kwamfuta ta riƙa zamar da shi a kan bayanan da ke shigowa, tana lissafa yawan dacewa. Inda suka dace sosai, ta rubuta sunan mahaƙar. Cibiyar NORSAR ta Norwe ta yi fice a wannan, da jerin na'urorinta na ARCES da ke kusa da Karasjok, inda suke jin mahaƙan yankin Kola na Rasha irin su Khibiny, Olenegorsk da Zapolyarny, da na Suwidin da Finlan. Gibbons da Ringdal sun nuna a 2006 cewa idan aka haɗa dacewar dukkan na'urorin jerin, ana iya tsamo fashewar da ta nutse cikin hayaniya har idon ƙwararre ba ya ganinta.

Wahalar ita ce mahaƙa ba ta zama wuri ɗaya. Dacewar tana lalacewa da zarar tushen ya gusa da abin da ya wuce kusan rubu'in tsawon igiyar, wanda a kaɗawa mai sauri bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, alhali babban rami yana kai kilomita da yawa, kuma fuskar da ake fasawa bana ba ita ce ta bara ba. Tsarin jinkirin ma yana canza zanen. Shi ya sa David Harris na ɗakin binciken Livermore da ke Amurka ya kawo hanyar tara samfura da yawa na mahaƙa ɗaya, a tace abin da suka yi tarayya a kai, a gwada sabuwar girgiza da haɗinsu maimakon guda ɗaya. Duk da haka samfuri yana tsufa. Manhajar da ba a sabunta mata samfura za ta riƙa ƙyale fashewar da ta saba kamawa, a hankali, ba tare da ta yi ƙorafi ba.

Sai kuma ƙirƙirarriyar basira, wadda na san ita ce a ranka. Ana ba kwamfuta dubban zanen da ƙwararru suka riga suka yi wa laƙabi, wannan nakiya, wannan girgizar ƙasa, ta koyi bambancin da kanta. Aikin da Linville da abokanta suka buga a 2019 kan bayanan jihar Utah ta Amurka ya nuna tana dacewa da hukuncin ƙwararru kusan kowane lokaci, kuma an samu irin wannan a wasu yankuna. A Biyana ma akwai manhajar NET-VISA mai aiki da lissafin yiwuwa, amma aikinta haɗa abin da tashoshi suka ji ya zama aukuwa ɗaya ne, ba faɗin abin da ya fashe ba. Ina amfani da irin waɗannan kayan, ina kuma yaba su, amma akwai abubuwan da adadin nasarar ke rufewa. Laƙabin da aka koyar da ita ƙwararre ne ya sa, shi kuma sau da yawa wuri da lokaci ya duba, don haka dacewa da shi ba daidai take da dacewa da gaskiya ba. Abin da ta koya a Utah ba lalle ya yi aiki a Kuzbass, yankin haƙar kwal na Rasha, ba, domin wani ɓangare na abin da ta haddace duwatsun hanya ne. Mafi muni, idan akwati biyu kawai ka ba ta, nakiya ko girgizar ƙasa, ranar da bom na gaske ya zo a akwatin nakiya za ta jefa shi, da cikakken tabbaci, don shi ya fi kama da shi. A aikin kula da girgizar ƙasa wannan ba laifi ba ne, ana so ne a share fashewa daga kundi. A aikin sa ido kan nukiliya kuwa shi ne kuskuren da aka kafa tsarin gaba ɗaya don kauce masa.

Kada ka ɗauka tsoron banza ne. Bom mai ƙarfin tan 1,000 na nakiya da aka binne cikin dutse mai tauri yana ba da girgiza mai maki 4 ko sama kaɗan a ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa, wanda ya fi ƙarfin kusan kowace mahaƙa. Amma a 1966 Amurka ta tayar da ƙaramin bom mai suna Sterling a cikin kogon gishiri a Mississippi, kogon da gwajin Salmon na 1964 ya bari, sai girgizar ta ragu kusan sau 70, domin iskar kogon ta shanye turin kafin ya kai bango. Ragi irin wannan yana sauko da ƙaramin bom zuwa maki 2 da wani abu, daidai inda nakiyar mahaƙai ta yi cincirindo. Daga ɗaya gefen kuma akwai mahaƙan kwal na Powder River a Wyoming, masu tayar da tan dubbai cikin sakan da yawa don jefa ƙasar da ke kan kwal gefe, girgizarsu ta wuce maki 3. Wani lokaci ma wani sashe na ramukan yakan tashi tare bisa kuskure, ya fito da tsini kamar na fashewa guda. Yin gwaji a ɓoye ƙarƙashin irin wannan abu ne mai wuyar gaske, ga haƙa kogo ba a gani ba, ga riƙe iskar nukiliya kada ta tsere, ga shi bom a ƙiftawar ido yake sakin ƙarfinsa, ya bar tsinin da mahaƙa ba ta saba bari ba. Amma wuyar ta dogara ne da cewa akwai mai duban tsinin.

Akwai kuma dangi na uku da ake mantawa da shi, wato ruftawar mahaƙa. A Crandall Canyon ta Utah, ranar 6 ga Agusta 2007, an auna girgiza mai maki 3.9, binciken igiyoyin ya nuna ba girgizar ƙasa ce ta rusa ramin ba, ruftawar ramin ita ce girgizar. Irin wannan a wasu awon tana kama da fashewa, amma motsinta na farko ja ne ciki, ba turi waje ba. An ga makamancinta kimanin minti takwas bayan gwajin Koriya ta Arewa na 3 ga Satumba 2017.

To, za a iya sakar wa kwamfuta aikin? Ɓangare mai yawa, e. Tsarin da na yarda da shi shi ne wanda kwamfuta ba ta sallamar aukuwa sai hujjoji masu zaman kansu sun haɗu: wurin ya faɗa kan sananniyar mahaƙa, zanen ya dace da samfuranta, girman bai wuce abin da ta saba ba, sannan akwai ratsi ko sautin iska. Duk abin da ya zo daga mahaƙa amma ya saɓa wa halinta, ya fi girma, ko ya fi tsini, ko P ɗinsa ta yi yawa, a tura shi gaban mutum, ko da manhajar ta ce ta tabbata. Ya zama akwai akwati na uku na abin da bai yi kama da komai ba, a kuma auna manhajar da yadda take cika wannan akwati daidai. Hanyar gwada ta ita ce a ɗauki zanen tsohon gwajin nukiliya ko na fashewa guda, a rage shi, a cusa cikin zanen nakiyar mahaƙa, a ga ko za ta farga.

Ita kanta cibiyar Biyana ba a ba ta ikon cewa wannan bom ne ko ba bom ba ne. Tana ware abin da ya yi kama da na halitta, sauran ta bar su a jeri, hukunci na ƙasashe ne. An ga amfanin wannan taka-tsantsan a Agustan 1997, lokacin da wata girgiza kusa da Novaya Zemlya, tsibiran da ke da filin gwajin nukiliya na Rasha, ta sa aka zargi Rasha da gwaji, daga baya bincike ya nuna girgizar ƙasa ce a ƙarƙashin tekun Kara. Abin da ke tabbatar da nukiliya iska ce: bayan gwajin Koriya ta Arewa na 2006 an shaƙi sinadarin zenon, irin wanda fashewar nukiliya ke fitarwa, a Yellowknife ta Kanada, bayan na 2013 kuma a Takasaki ta Japan, kusan wata biyu da faruwar abin.

Yarjejeniyar ta nemi ƙasashe, bisa raɗin kansu, su sanar da duk fashewar sinadari da ta kai tan 300 idan lokaci guda za a tayar da ita, su kuma ba da bayanin mahaƙansu. Wannan bayani yana da amfani biyu. Yana cika rumbun samfura, kuma fashewar da aka san wurinta da sakan ɗin da ta tashi ita ce mafi kyawun abin gyara lissafin gudun igiya a yankin. Gyaran nan ba ƙaramin abu ba ne, domin binciken gani da ido da yarjejeniyar ta tanada, wanda ba zai yiwu ba sai ta fara aiki, an taƙaita shi ga fili da bai wuce murabba'in kilomita 1,000 ba. Idan lissafin wurin ya kauce da kilomita 30, masu binciken za su iya sauka a gefen da babu komai.